Takalmansa Ba Abin da Ya Same Su

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

Ban je makaranta ba. Na aika wa hedimasta a riƙe mini 'yan aji huɗu, ban faɗi dalili ba, ai duk Batsari ta riga ta ji.

Baban Sumayya yana asibiti a Katsina tun jiya. Ƙafar dama ce. Yayansa Abdulmumini ne ke jinyarsa, sai Inna mahaifiyarsu da ta taso daga Zakka ko mayafin kirki ba ta ɗauko ba. Ni an ce in dawo gida saboda yarinya, kuma ɗakin maza ne, mace ba ta kwana. Na dawo. Na share tsakar gida, na sake sharewa, babu abin sharewa.

Babana kuma yana gidansa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Nazifa ƙanwata ta ce tun da aka rako shi daga wurin aikin hanya ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Giredar da yake tuƙawa tun ban san hannun damana ba tana can a hanyar Safana inda ta tsaya, ba wanda ya taɓa ta.

Ba zan rubuta abin da ya faru ba. Ban gani ba.

Laraba, bayan la'asar

An kawo kayan Baban Sumayya daga wurin aiki a cikin buhun siminti. Hular kwano, rigar nan mai ƙyalli, takalman aiki, da gyare.

Gyare shi ne sunan da leburori suka sa wa ɗan baƙin abin nan da kamfani ya raba musu bayan ƙaramar salla. Girmansa bai fi kwalin ashana ba, a dantse ake ɗaura shi. In mutum ya matso kusa da gireda ko tifa sai ya kama kuka yana kaɗa jiki, can cikin motar ma ƙararrawa ta tashi a kunnen direba ya taka birki. Ranar da ya fara zuwa da shi gida Sumayya ta ce rediyo ce, ta yi ta roƙo a kama mata waƙa.

Na jefa shi cikin kwanon samira a kan kanta na rufe. Takalman na jera su a bakin ƙofa inda yake ajiyewa.

Takalmansa ba abin da ya same su. Duka biyun.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da azahar

Ranar kasuwa, gari ya cika da babura, zafi kamar a bakin murhu. Ina tankaɗe sai na ji wani abu yana ihu a ɗaki, kwano yana karkarwa. Rariyar ta kuɓuce mini, garin ya watse. Ashe tifofin kamfani ne ke wucewa da jar ƙasa ta bayan ɗakinmu, hanyar ta manne da katanga, shi ne gyare ya ji su.

To sannu da aiki. Ranar Talata kana ina?

Na juya shi gaba da baya, ban ga makashinsa ba. Kamfani sun yi shi ne yadda lebura ba zai iya kashewa ba. Sun yi dabara, ba su san mutanenmu ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan magariba

Na je Katsina a motar farko, na dawo kafin la'asar tunda hanyar nan ba a wasa da ita in rana ta yi sanyi.

An ɗaure ƙafar da wasu ƙarafa da suka huda fata suka fito waje. Ban kalle ta sosai ba, fuskarsa na kalla. Ya rame a kwana ukun nan kamar wanda ya yi wata yana ciwo. Na gaishe shi, ya amsa, sannan ya rage murya don kada yayansa ya ji.

"Baba ya ci abinci?"

Wallahi sai da na ji kamar in ɗauki jakata in fito. Mutum yana kwance ƙashi a farfashe, abin da ya dame shi ke nan. Na ce ya ci. Ƙarya nake.

"Ki ce mashi ya yi haƙuri. Na ja mashi magana."

Abdulmumini ya rako ni bakin ƙofa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, yau ma bai ɗaga ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Zuwairatu, tsohon naku lafiya dai?"

"Lafiya lau, Yaya."

"To madalla. Na ga leburori sun zo dubiya, ogan aiki ya zo, har mai shayin bakin tasha ya zo. Na ce ko ba shi da lafiya ne."

Na ce jiki ne na tsufa. Ya ce Allah ya sawwaƙe.

Asabar, 19 ga Afrilu, da safe

Na dama kunu na kai wa Baba da kaina. Na yi sallama a ƙofar ɗaki, ya amsa daga ciki. Na durƙusa na gaida ƙyaure, ƙyaure ya amsa mini.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba. Yana gaishe ka. Yana tambayarka."

Na ji yana jan carbi.

"Aje nan, ɗiyata. Allah shi yi albarka."

Nazifa ta ce salla kawai ke fito da shi, ita ma sai ya bari an tayar ya tsaya a sahun baya, ana sallamewa ya sulale. Mutumin da in ya zauna a dakalin masallaci sai an yi ta kiransa cin tuwo bai tashi ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da la'asar

Gyare ya yi kuka yau ma. Na ɗora tukunya a kan murfin kwanon.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan azahar

Na koma aji. Na rubuta darasi a allo, na juyo na tarar yara suna kallona, ashe na jiya na sake rubutawa. Malamai mata sun yi mini sannu, kowace ta tambayi ƙafa, ba wadda ta tambayi Baba. Wannan rashin tambayar ya fi tambaya ciwo.

Da na dawo na tarar Sumayya ta zura ƙafafunta cikin takalman ubanta tana jan su a tsakar gida, tana cewa ita ce Abba za ta tafi aiki. Na daka mata tsawa har ta faɗi. Daga baya na goya ta, ƙatuwa da ita, na yi ta zagaye gida.

Tun ranar Laraba nake kauce wa takalman nan. Ƙarfe ne a bakinsu, an yi su ne don irin wannan rana. Taya ta hau ƙafa, takalmi ko ƙujewa bai yi ba, igiyarsa a kwance, safa a cuse a ciki yadda yake yi. Na san inda yake cire takalmi haka. Shekara shida ina ganinsa a ƙofar zauren Baba, yana cirewa tun daga nesa, ya ajiye hula a kai, ya tako a sunkuye ya durƙusa ta gefe inda ido ba zai haɗu da ido ba, ya yi shiru har sai Baba ya waiwayo don kansa.

A zaure dai. Ban taɓa kawo wa raina wurin aiki ba.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Wata ta zo daga kamfani, Mahfuza, ita ce mai kula da lafiyar ma'aikata, ita ta raba musu gyaren. Yarinya ce siririya mai gilashi, ba ta girme ni ba. Na yi niyyar shan kunu da ita, sai ta cire takalmi ta zauna a tabarma ta sha ruwan randarmu, na rasa ta inda zan fara fushin.

Ta ce ta je wajen mijina, ya ce mata mantawa ya yi da gyaren. Ta aika wa Baba, ya aiko cewa shi ne ya kashe ƙararrawar cikin mota don tana damunsa, a rubuta laifin a kansa.

"Amma, Malama, na'urar motar tana ajiye komai. Ba a kashe ta ba. Lafiyarta lau, gyare ne dai bai zo kusa ba. Shi kuma mai gidanki, an tarar da nasa a gindin bedi a kan takalmansa, an naɗe maɗaurin tsaf. Wanda ya manta ba ya naɗewa."

Ƙarya biyu ke nan, kowa yana shimfiɗa tasa don ya rufe ɗan'uwansa.

Na ce, "Kin san direban surukinsa ne?"

"Na sani."

"To kin san sauran."

Ta cire gilashin ta goge da gefen hijabinta. Ta ce leburori sun gaya mata. Makon farko, duk safiya in ya nufi gireda zai gaida Baba sai gyare ya ɓarke da kuka, ƙararrawa ta cika wa Baba kunne, samari su bushe da dariya suna cewa ga siriki nan ya iso da makaɗinsa. Daga nan ya fara tuɓe shi tare da takalmi da hula. Kullum motar a kashe take lokacin. Ranar Talata an tayar da ita da wuri saboda ana tseren gama wajen kafin ruwa ya sauka, aka yi wa Baba alama ya yi ribas, shi kuma yana durƙushe ta gefen tayar baya yana jiran a waiwayo.

"Na yi musu bayani a kan komai," in ji ta. "Na ce kada a cire don zafi, kada a cire don alwala sai an fita daga filin. Gaisuwa ce ban kawo ba. Ni ma haka nake gaida surukaina."

Ta tambayi gyaren, kayan kamfani ne. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ce ban san inda na sa shi ba. Ban rufe baki ba tifa ta taho. Kwano da tukunya suka kama rawa a ɗaki kamar ana biki. Ta kalle ni, na kalli Sumayya.

"Bar shi," ta ce. "Caji zai ƙare da kansa."

Laraba, 23 ga Afrilu, da asuba

Wa zan yi fushi da shi? Na jera su duka a raina, kowa na ɗauko sai in mayar.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da magariba

An sake shiga da shi tiyata. Yaya ya bugo ya ce an fito lafiya, likita ya ce ba za a yanke ba. Alhamdulillahi. Na yi sujada a tsakar gida goshina ya kwashi tsakuwa.

Na leƙa ta katanga na gaya wa Nazifa da ƙarfi don na ɗaki ya ji. Ya ji. Ta ce ya ci loma uku na tuwo, har ya ce miyar ba gishiri.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Katsina.

Yau Abdulmumini ya fito da abin da ke cikinsa. A ƙarƙashin bishiyar da masu jinya ke shanya ya tsayar da ni.

"In an sallame shi, Zakka za mu wuce da shi. Ke ma in kin ga dama ki haɗa kayanki ki biyo."

"Yaya, ga ɗakinsa a Batsari. Ga asibiti kusa, ga aikina."

"Ɗakin da ke jikin katangar wa? Mu ba mu ce an yi da gangan ba, ƙaddara ce, mun karɓa. Amma mutum ya taka maka ɗan'uwa, ko akuya ya taka ai ya zo ya ce sannu. In bai zo ya dube shi a gadon asibiti ba, Yazid ba zai koma yana kwana a bayan ɗakinshi ba. Mu talakawa ne amma ba mu kai nan ba."

In na cire son kai, gaskiyarsa ce. Filin da muka yi gini Baba ne ya yanka mana daga gidansa. Aikin ma shi ya nema masa, da noman bara ya ƙi. In aka wuce da shi Zakka a kan wannan maganar, na san yadda ake yi. Ba za a yi faɗa ba, ba za a ce komai ba, za a daina zuwa suna, a daina zuwa gaisuwar salla, Sumayya ta girma tana jin wai tana da kaka a Batsari. Ni kuma a raba ni biyu kamar goro.

A cikin ɗakin jinya, tambayar Baban Sumayya dai ita ce. "Baba fa? Har yanzu fushi yake da ni?"

Na ce wane irin fushi. Ya juya fuska bango.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan azahar

Ban tsaya a ƙyaure ba yau. Na tura na shiga. Tun da Ummanmu ta rasu ban shiga ɗakin nan ba tare da an ce in shigo ba.

Yana zaune a kan buzu, gemun ya yi buzu-buzu, makullin gireda a rataye a ƙusa. Na gaishe shi yadda ya kamata, har ƙarshe, sannan na faɗa masa maganar Abdulmumini ban rage komai ba.

"Yana da gaskiya," ya ce.

"To ka tashi mu je."

"Mi zan ce mashi?"

"Sannu. Abin da kowa ke cewa."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Zuwaira, ina ganinshi. Kullum. Ta madubi nake hango shi yana kwance abin nan yana ɗorawa bisa takalmi. Kin san mi nake ji? Daɗi. In ce ma yaran nan, ku dubi ɗan mutunci, ku koya. Ni da na san motar nan ba ta da ido ta baya. Kalma ɗaya ce, in ce mai da abinka, yaro, gaisuwarka ta iso. Ban faɗa ba, don ina son a ga ana girmama ni."

Na ce to ya je ya faɗa masa haka.

"Ba ki san mijinki ba? In na sa ƙafa a ɗakin nan, zai yunƙura ya sauko daga gado ya durƙusa. Da ƙarafan da komai. Ba mai riƙe shi. In ƙarasa abin da na fara ke nan."

Na tashi na fito. Don na san zai yi.

Litinin, 28 ga Afrilu, da la'asar

Muryar gyare ta fara dushewa. Tifa ta wuce, ya yi wani ɗan kuka kamar kaza mai mura.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan magariba

Likita ya kira ni da Yaya ofishinsa, ya ɗaga hoton ƙashi a jikin fitila yana nuna mana da biro. Ƙafa ta tsira. Zai taka, da sanda tukuna, wataƙila daga baya babu sanda. Amma gwiwar an haɗe ta, ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Salla a kujera. Babur sai dai a goya shi, ƙafar a miƙe.

Yaya ya ce alhamdulillahi ala kulli halin. Ni ma na ce.

Daga nan aka gaya wa Baban Sumayya a gabana. Ya saurara, ya yi godiya ga likita, har da murmushi. Da suka fita sai na ga hawaye yana gangarowa cikin kunnensa. Na ɗauka noma yake tunani, ko sujada. Na riƙe hannunsa.

"Yanzu ta yaya zan gaida Baba?"

Allah ya gani, na so in mare shi. Ina sonsa kamar raina kuma na so in mare shi. Na ce, "A tsaye, kamar sauran mutane." Ya dube ni kamar na yi saɓo.

Duk hanyar dawowa kuka nake a cikin hijabi, wata tsohuwa mai buhun gero ta yi ta ba ni haƙuri tana zaton rasuwa aka yi.

Juma'a, 2 ga Mayu, da hantsi

Hadari ya haɗu jiya ta gabas, ya yi ta cika baki, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Kowa yana gyaran garma. Gonarmu tana nan da kararen bara.

Inna ta biyo ta nan za ta Zakka ɗebo kaya. Ta ƙi shiga ɗaki, ta zauna a inuwar katanga, katangar nan dai. Ta ga takalman a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo.

"Ni na koya mashi," ta ce. "Tun yana tatata ba ya gaida babba a tsaye. Da shi nake yi ma matan Zakka gori."

Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce ita ba ta ce laifi ba ne, har gobe ba laifi ba ne.

Da za ta tafi ta ɗaga murya kaɗan, ta fuskanci katanga. "A gaida Malam Rabe. A ce mashi ni ban riƙe shi ba. Amma Abdulmumini ne babba yanzu, ba ni ba."

Asabar, 3 ga Mayu, da azahar

Nazifa ta ji a bakin masu kai abinci wurin aiki cewa Mahfuza ta sa sabuwar doka. Ana taruwa da safe a gindin bedi, a gaisa a ƙoshi, babba da yaro, sannan a ba direbobi makulli. Wai har tsayawa take tana tambaya ko akwai wanda bai gama gaisuwa ba.

Madalla. Na ji daɗi, kuma na ji haushi.

Lahadi, 4 ga Mayu, da la'asar

Tifa ta wuce. Shiru. Na buɗe kwanon na girgiza shi. Wata ta sake wucewa. Shiru.

Na yi zaton zan samu sauƙi. Yanzu ni ce nake zabura a madadinsa.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Yaya ya bugo. Ranar Alhamis za a sallame su. Ya riga ya yi magana da mai motar da zai kai su Zakka.

Na ajiye wayar na zaga gidan Baba ko mayafi ban gyara ba. Tun Laraba nake ɓoye masa maganar gwiwa, na hana Nazifa ma faɗa, ina tsoron ta ƙarasa shi. Yau na ɗauke ta na soka masa da hannuna.

"Baba, ka ce kana tsoron ya sauko ya durƙusa. To ba zai iya ba. An haɗe gwiwar. Ba zai ƙara durƙusa wa kowa ba har ya koma ga Allah. Da aka gaya mashi bai yi kukan gona ba, bai yi kukan babur ba, kukan yadda zai gaishe ka ya yi. Ranar Alhamis za su tafi da shi. Ni ban san inda zan bi ba, kuma na gaji."

Ban taɓa yi masa magana a tsaye ba sai yau. Sai da na fito na lura.

Carbin ne ya faɗi daga hannunsa, bai ɗauka ba.

Talata, 6 ga Mayu, da magariba

Nazifa ta ce bai taɓa abinci ba. Wataƙila na kashe ubana.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Na fito da akwati na zuba kayan Sumayya. Na kwashe. Na sake zubawa. Takalman na ɗauka zan sa a buhu, sai na tuna na dama ba zai shiga ba yanzu, na mayar da su inda suke.

Ba motsi a bayan katanga.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta wannan a hankali don kada in manta komai.

Na fito da sassafe zan tafi tasha, na tarar da Baba a tsaye a ƙofar gida. Farar riga ta salla, an rage gemu, hula zanna. Bai dube ni ba, ya ce, "Mu je kar mota ta cika." Mutanen kasuwa suna ta shigowa, wasu suka gaishe shi, ya amsa wa kowa. Har Katsina bai ce uffan ba, sai da muka wuce wani wuri da aka yi faci ya ce wanda ya yi aikin nan bai iya ba.

Mun tarar an naɗe tabarmi, an ɗaure kwanuka a ɗankwali. Abdulmumini yana bakin ƙofar ɗakin, ya ga Baba, ya ɗan rusuna ya gaishe shi a taƙaice ya matsa gefe.

A nan bakin ƙofar Baba ya tsaya ya cire takalmansa. Nas ta ce, "Baba, ba a cirewa a nan, ƙasan ba tsabta." Kamar da bango take. Ya cire hular ya ɗora a kansu. Ya taka a sunkuye tsakanin gadaje, marasa lafiya suna binsa da ido, tsoho mai furfura ba takalmi ba hula.

Baban Sumayya yana jingine da filo. Da ya hango shi sai ya dafa ƙarfen gado ya yunƙura, yadda Baba ya faɗa, ƙafar mai lafiya har ta sauko. Baba ya riga shi. Ya zube a gefen gadon, gwiwa biyu a kan siminti, ta gefe, kansa a ƙasa.

"Ina kwana, Yazid."

Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Yaron nan yake cewa, ko mai gidanku.

"Baba, don Allah. Baba, ka tashi."

"An tashi lafiya?"

"Baba..."

"Ya jiki? Ya ƙarfin jiki? Ya haƙuri da mu?"

Bai tsallake ko ɗaya ba. Ya tambayi kwanan asibiti, ya tambayi zafi, ya tambayi Inna da mutanen Zakka, yana yi yana jira sai an amsa. Shi kuma yana amsawa yana kuka, lafiya lau, da sauƙi, alhamdulillahi. Sannan Baba ya ce, "Ina ganinka kullum kana cire abin nan, ban hana ka ba. Ka yafe mani." Ya ce shi ne zai nemi gafara. Baba ya ce a'a, yau dai a bar shi ya riga.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Abdulmumini ya fita waje, na hango shi ta taga yana waya, yana nuna hanya da hannu kamar mai motar yana ganinsa. Da ya dawo ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, "An share ɗakin nashi na Batsari kuwa?" Na ce tun yaushe.

Sai aka zo tashi. Baba ya dafa ƙasa ya yunƙura, gwiwa ta ƙi. Mako uku yana zaune a buzu ba ci ba sha, ga shekaru. Ya sake yunƙurawa ya koma. Na taho zan kama shi, Yaya ma ya taho, amma akwai wanda ya fi mu kusa.

Ya miƙo hannu daga kan gado. Baba ya kalli hannun, ya ɗago ya kalli mai hannun, ido cikin ido, sannan ya kama. Shekara shida, yau ne hannunsu ya fara haɗuwa.

Ya ja shi har ya miƙe.